Kwarinmu da Titinsu

Laraba, 15 ga Yuli, 1998
Alhamdulillahi, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Motoci huɗu masu zuwa Nijar da gero da wake sun maƙale a kwarin bakin garinmu. Kafin azahar ɗanwakena ya ƙare tas, har romon barkono aka suɗe. Maigidana Malam Barau ya fito da bijimansa biyu yana jan mota kamar wani sarki. Shekara goma sha ɗaya ke nan wannan taɓon yana ciyar da gidanmu. Allah ya ƙara masa zurfi.

Asabar, 8 ga Agusta
Ahmadu direba ya zo da mugun labari, bakinsa cike da ɗanwakena. Wai an ba da kwangilar kwalta daga Garki har bakin iyaka, da kwalbati a kan kwarinmu. "Inna Mu'mina, mun huta!" in ji shi. Na ce, "Ɗan nan, kai ka huta. Ni in sayar wa wa, iska?" Na rage masa mai.

Litinin, 14 ga Satumba
Kwana tara ba ruwa, kwari ya fara bushewa. Ni da maƙwabciyata Indo muka yi ta jido ruwa daga kududdufi da babban darona muna zubawa a tsakiyar hanya. Sawu goma sha biyu. Wuyana har yanzu bai dawo daidai ba. Abin da ya maƙale: amalanken liman. Ya fito da ƙyar, taɓo har gwiwa, ya dube ni, ya dubi daron. Huɗubar Juma'a mai zuwa dai na san wa za ta nufa.

Lahadi, 15 ga Nuwamba
Katafila ta iso. Injiniyan ɗan Dutse ne, yana da ladabi, yana cin kwano biyu. Ina zuba masa ina roƙon Allah ya lalata masa inji. Astagafirullah. Amma dai.

Talata, 2 ga Maris, 1999
Sun binne kwarina. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Alhamis, 10 ga Yuni
An buɗe titi. Manya sun zo daga Dutse, an yi jawabi kan ciniki tsakaninmu da maƙwabta, wai kanwa da dabino da shanu za su riƙa shigowa kamar ruwa. Suna shigowa kuwa. Fuuu! suke wuce ni. Ahmadu ya danna min oda, ya ɗaga hannu. Oda ake ci? Da yamma Malam Barau da bijimansa suna zaune gindin tsamiya, su uku suna kallon titi, ban san wanda ya fi wani tagumi ba. Ɗanwaken kuwa mu muka cinye, har safe muna gyatsa.

Juma'a, 25 ga Yuni
Na kafa tuta da tsohon zanina ko za su tsaya. Mota ɗaya ta tsaya. Direban ya tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce e, sana'ata.
Gero a rumbu ya kusa ƙasa. Wannan ba na wasa ba ne, tsoro nake ji.

Litinin, 5 ga Yuli
Ahmadu ya tsaya yau, ya rame kamar kara. Wai tunda hanya ta yi kyau kowa ya kwaso mota, duk sai su isa bakin iyaka lokaci guda, a yi layi ana duba takardu kwana biyu. "Ba abin ci sai biredi busasshe, Inna. Wallahi mafarkin ɗanwakenki nake yi." Na ajiye ludayi. Ashe maƙalewa ba mutuwa ta yi ba, ƙaura ta yi.

Alhamis, 8 ga Yuli
Na bi shi da tukunya a gaban mota, Malam Barau a baya rungume da garin kwaɓi. Tafiyar da a da take cin wuni, ko ruwan da na tafasa a gida bai gama hucewa ba muka isa. Motoci sun fi talatin, direbobi sun yi jugum kamar awaki a rana. Wani ya hango ni ya kwala ihu, "Ga Innar kwari!" Har Buzaye sun ci, sun ce a ƙara. Malam ya ce gobe zai kawo bijimai su riƙa jawo wa direbobi ruwa a amalanke.

Lahadi, 15 ga Agusta
An yi ruwa mai ƙarfi, gefen kwalbati ya zaizaye, rami ya buɗe a daidai inda kwarina yake. Indo ta zo da murna, "Yaya, ga arziki ya dawo, mu ɗebo ruwa?" Na daka mata tsawa har ta ja da baya.
Na ɗauko daron nan. Sawu goma sha biyu na jar ƙasa da tsakuwa, na cike ramin, na tattake da ƙafata. Liman ya zo wucewa, ya dube ni, ya dubi daron.
Ba don titin na yi ba. Kawai dai gobe ina da sammako.