Ruwan Rijiyar Badarawa

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya yara, ya ƙarin haƙurinmu?

Abokan aikin ɗanki Bashiru sun zo gaisuwa daga Kaura, injiniyoyin nan da suka haɗa kai suna fitar da iskar haidirojin daga ruwa don girki. Da ma sun shirya kowa ya kawo ruwan garinsu a gwada. Bashiru ya cika jarka a rijiyarmu, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Na miƙa musu jarkar.

Jiya suka aiko cewa iskar ruwanmu ta kama wuta, har sun dafa shayi. Yaya, ni da nake masa dariya in ya ce ruwa zai ba da wuta, wa zan gaya wa na yarda?

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hassi