Rigar Manaja

Litinin, 4 ga Mayu

Yau Yaya ya sauke min bala'i a ƙofar shago: karen Baba. Wai tunda Baba yana asibiti, shi Yaya kuma a bene yake haya, mai gidan ya hana dabba, to ni ce mai tsakar gida. Na ce, "Yaya, ni tela ce fa, ba makiyayiya ba." Ya ce kwana biyu ne kawai, ya ja motarsa. Na san kwana biyun Yaya.

Ranar da aka ɗauki Baba, ɗan banzan ya so bin motar, ya kutsa ta ƙarƙashin shingen kwano, kwanon ya farke masa gefen ciki. An ɗinke. Likitan dabbobi ya ce kada a bari ya lasa. In ya lasa ɗinkin zai buɗe, wurin ya ruɓe, daga nan sai allurar da ba a tashi. Ni da ko inuwar kare ban taɓa so ba!

Talata, 5 ga Mayu

An saka masa wata roba a wuya kamar mazurari. Ya buge keken ɗinki, ya kifar min da kwalin zare, ya bi bango yana kartawa. Da rana na tarar da robar a tsage, shi kuma yana ta lasar ciwon yana kallona ta wutsiyar ido. Na wanke hannu har fatata ta yi fari.

Laraba, 6 ga Mayu

Na je wurin Baba. Baki ya karkace, magana da ƙyar. Na sunkuya in ji abin da zai faɗa wa 'yarsa. "Manaja ya ci?" Sunan karen ke nan. Ni da na rufe shago na taho cikin rana, ba a tambaye ni ko na karya ba. Na ce ya ci. Ya ce, "Ki riƙe min shi."

Na ji haushi, kuma ba zan ɓoye ba. Kishi da kare, ina ni ina wannan wulaƙanci?

Juma'a, 8 ga Mayu

Mai Kanti, makwabciyata, ta ce a huda bokiti a zura masa. Ya cire kafin in juya. Maigadin layinmu ya kawo wani magani mai ɗaci a shafa a gefen ciwon. Ya lashe tas kamar zuma. Kowa likita ne in ba shi zai yi jinyar ba.

Wurin ya yi ja, zare ya tsinke. Likita ya sake ɗinki yana hararata. "Baiwar Allah, ba kya kula. In ya sake buɗewa babu ruwana."

Asabar, 9 ga Mayu

Na tsane shi. Shi ke nan na yau.

Lahadi, 10 ga Mayu

Tunda roba ta gagara, na ce bari in rufe ciwon da ƙyalle. Ba zan yanka yadin mutane don kare ba. Cikin kayan wankin Baba da na kawo daga asibiti akwai tsohuwar rigarsa mai cinyayyen wuya, ita na ɗauka ko wanke ta ban yi ba. Da tef ɗin da nake auna matan manya na auna kare, Allah na gani. Na sa maɗaurin a gadon baya inda bakinsa ba zai kai ba.

Na saka masa ina jiran ya yage ta. Ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Sai ya kwanta ya tura hancinsa cikin hannun rigar, ya yi wani ɗan kuka can ƙasa. Har yamma bai lasa ba.

Munafuki. Ashe ya san abin da yake yi.

Talata, 12 ga Mayu

Mai Kanti ta leƙo tana dariya. "Tela, yaushe za a yi wa ango wando?" Na ce, "Ranar da kika kawo na mijinki, awonsu ɗaya." Ta daina gaishe ni. Hutu.

Alhamis, 14 ga Mayu

Na wanke rigar don ta fara wari. Kuskure! Ina mayar masa ya hau cizonta, yana neman ciwon. Ashe ba rigar ba ce, warin Baba ne.

Dole na ɗauki wata na kai asibiti, na ce Baba ya kwana da ita. Da na faɗa masa dalili ya yi dariya da rabin bakinsa har hawaye. Ya riƙe min hannu ya daɗe bai saki ba. Rabon da Baba ya riƙe hannuna, na manta.

Wannan ba ya nufin na yafe wa karen kwalin zarena.

Talata, 19 ga Mayu

An cire zare. Wuri ya bushe, gashi ya fara tsirowa. Likita ya ce a cire rigar, an gama. Alhamdulillahi, na rabu da ƙaya! Na share shago, na kunna turare. Yana kwance a ƙarƙashin keke, wurin da ƙafata take, sai na riƙa taka feda a hankali. Don kada ya sa min gashi a yadi ne.

Laraba, 20 ga Mayu

Yaya ya kira da safe. Za a sallami Baba, amma gidan Yaya zai koma, ba zai iya zama shi kaɗai ba. Shi karen kuma Yaya ya samo masa wani mai sito, zai ɗaure shi da sarƙa ya yi gadi. Na ce, "Baba fa?" Ya ce, "Sai mu ce ya gudu. Ba ke kike ta ƙorafi ba? Ga ni nan zuwa."

Gaskiya ya faɗa, ni nake ƙorafi.

Kafin ya iso na mayar wa karen da rigar, na ƙulle maɗaurin tam. Yaya ya shigo da igiya a hannu. Na ce, "Bai warke ba." Ya ce, "Ɗaga in gani." Na ce, "Ɗaga da kanka." Ya miƙa hannu, aka yi masa gurnani, ya janye. Ya tambaya sai yaushe. Na ce kwana biyu.

Ba don karen na yi ba. Baba ne ya ce in riƙe, kuma riga ce na ɓata lokaci na ɗinka.

Da motar ta tafi, Manaja ya zo ya lashi bayan hannuna. Na wanke mana. Amma sai da na gama kalmasar da ke kan keke.