Man Umma da Sanƙona

Anti, don Allah ki ba ni shawara, kwana tara ke nan Umma ba ta amsa gaisuwata.

Bana na gama digiri a kimiyyar halittu. Shekarata ashirin da huɗu, amma tsakiyar kaina ta fara haske. Umma kuwa shekara ashirin tana haɗa man gashi a ɗakin bayan shagonta, da shi ta yi mini karatu. Yanzu so take a rubuta a jikin kwalba cewa ɗanta masanin kimiyya ya tabbatar man yana maganin sanƙo, ni kuma in riƙa sa hula a shago kada masu saye su gani.

Anti, na san abin da na karanta. Wani sinadarin jikin namiji ne ke ratsa saiwar gashin goshi da tsakiyar kai, ga wanda ya gaji hakan daga iyaye, ya yi ta ƙanƙantar da ita har gashin ya sirance. Shi ne kuma ke cika gemu. Duk da haka ban yanke hukunci ba sai da na gwada: wata shida ina shafawa, duk Asabar ina ɗaukar hoto a bakin taga ɗaya. Ko sili ɗaya bai ƙaru ba. Ranar da ta sake matsa mini, na cire hular a gaban masu saye uku, na ce su duba. Ba zan sa hannu ba, ba kuma zan mayar da hular ba. Laifi na yi?

Mai Sanƙo

Ɗana, kada ka sa hannu. A nan gaskiyarka ce, ka tsaya a kanta. Amma gaskiya ba ta ce ka kunyata mahaifiyarka a gaban masu sayen kayanta ba. Ita ba yaudara take nufi ba, alfahari take da kai har tana son a gan ka a jikin kwalbarta.

Wata shida ka yi kana binciken abin da man ba ya yi. Ka taɓa binciken abin da yake yi? Man da aka shekara ashirin ana dawowa sayensa ba ya rasa amfani, ko laushi ko rage karyewar gashi. Ka gwada wannan da irin tsanakinka, ka rubuta mata iya abin da ka tabbatar. Sanƙonka kuma ka kai wa likitan fata.

Gobe ka shiga ɗakin bayan nan, ka ba ta haƙuri, ka zauna ka taya ta wanke kwalabe. Hular kuwa ka bar ta a gida. Allah Ya daidaita ku.

Anti