Barewar da Aka Fitar a Baro

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Mu nan Mpape lafiya, sai haƙuri.

Ranar Asabar na kai Ummi gidan namun daji. Muna tsaye aka turo matacciyar barewa a baro, ƙafafunta na lilo. Na ce barci take yi. Ta ce, "Mama, ai idonta a buɗe yake." Dole na ce ta mutu.

A tasi ta tambaye ni, "Abba ma a baro aka fitar da shi?"

Yaya, wata bakwai da rasuwar babanta muna ce mata ya yi tafiya. Ashe ta sani.

Ki gaishe min da Inna. Ku sa ni a addu'a, har yau ban ba ta amsa ba.

Ƙanwarki,
Safiya