Tauraro Mai Inuwa

Zuwa ga Baiwa, sanyin idona, ruwan farkon damina, raken fadamar Matameye mai zaƙi har gindi!

Kin san ni. Ba wanda ya kai ni lakwal, makarantar boko, a Damagaram, da ƙafata na je. Ba wanda ya dafa mini na sayi keken ɗinki, na tada soro, na haƙa rijiya a lambuna. A duniya ke kaɗai na taɓa roƙo, ya farin watana.

Kin tuna magaribar da wutar nan ta tsaga sama, muna zance a ƙofar gidanku? Kika riƙe bakin rigata kina salati! Don hankalinki ya kwanta na faɗa miki abin da na daɗe ina lura da shi, ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce taurari masu gudu iri uku ne, na raɗa musu suna. Wanda ya gifta shiru ya mutu, ɗan tartsatsi. Wanda ya fi Zara haske har mutum ya ga inuwarsa, mai inuwa. Wanda ya fashe, ƙararsa ta biyo baya, mai tsawa. Kika yi dariya, kika ce kin ga inuwar ɗankwalinki a jikin rumbu.

To, ranar kasuwar Kance, kumandan, Baturen mulki, yana tambayar mutane labarin wutar, sai ga Inusa tafinta yana jera masa iri ukun nan da faransanci, har da inuwar ɗankwali a jikin rumbu! Kumandan na rubutawa da sunan Inusa, yana gyaɗa kai. Baiwa, Inusa ɗankwali yake ɗaurawa? Yaushe ya san rumbun babanki? A wace tabarma ya zauna, wa ya miƙa masa ruwa?

Wayyo zuciyata! Ban ce kin yi ba, kurciyata. Wataƙila a bakin rijiya kika faɗa wa ƙawayenki. Amma wace ce a cikinsu take zuwa bariki, inda Inusa yake aiki?

Ni naki ne har ranar da za a rufe ni da ƙasa, ba zan dubi wata ba. Abu ɗaya nake nema. In babu komai tsakaninku, ki sa babanki ya kira Inusa, ki faɗa a gabansu daga bakin wa kika ji. Ya koma wurin kumandan a goge sunansa, a rubuta nawa cikakke, ba a rage ko harafi ba:

Muntaka ɗan Lawwali, na Matameye.