Sunan Kogin Ya Ɓace Mini

Salamanca, 9 ga Fabrairu

Yaya Casilda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da jikoki. Yaya ƙafar taki da wannan sanyi na Bilbao?

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar Talata na kai baƙi ashirin da biyu kan tsohuwar gadar Romawa. Na nuna musu ruwa, na buɗe baki, sai sunan kogin ya ɓace mini. Yaya, Tormes fa! Kogin da muka yi wanka a cikinsa muna yara. Na tsaya sororo har wata mata ta duba wayarta ta faɗa mini. Na yi dariya na ce gwada su nake yi.

Shekara talatin da ɗaya ina zagayawa da baƙi a garin nan, haka bai taɓa faruwa da ni ba. Wataƙila gajiya ce. Idan kun yi waya da maigidana Anselmo, kada ki gaya masa.

Ƙanwarki,
Herminia

Salamanca, 2 ga Maris

Yaya Casilda,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso, kuma na ji faɗanki, na karɓi ranar ganin likita.

Abin ƙaruwa yake yi. Yanzu da biro nake rubuta shekarar kafa jami'a a tafin hannuna. Jiya a ƙofar jami'ar baƙi suka ce in nuna musu ɗan kwaɗon nan da aka sassaƙa a kan ƙoƙon kai. Na ɗaga ido, sassaƙar duk ta cakuɗe mini. Eusebio abokin aikina yana gefe da nasa baƙin, sai ya ɗaga murya ya ce, "Haba Herminia, kwaɗon ma rowarsa za ki yi? Ku dubi dama, can saman ginshiƙi!" Kowa ya fashe da dariya, ban da shi. Kallon da ya yi mini ya hana ni cin abinci.

Da muka fito daga sabuwar majami'a kuma, na rasa hanyar da za ta kai mu babban dandalin gari, Plaza Mayor. Sai na bi bayan wasu ɗalibai, baƙina suna bin bayana.

Ina jin tsoro, Yaya. Ba aikin nake tsoron rasawa ba.

Taki,
Herminia

Salamanca, 20 ga Maris

Yayata,

Da fatan kun tashi lafiya.

Likita ta gama gwaje-gwajenta. Ciwon mantuwa ne, yanzu ya fara. Ta ce magani zai rage masa gudu, amma ba zai tsayar da shi ba.

Da na fito daga asibiti sai ga Anselmo zaune a bakin ƙofa, riƙe da mayafina. Na ce wa ya gaya masa ina nan. Ya ce, "Ke dai, tsohuwa. Wata guda ke nan ina bin ki. Kullum ina can baya cikin baƙinki da hula, ko sau ɗaya ba ki waiwayo ba." Ashe tun ranar da na sa makullin gida cikin firji ya gane. Ya ce tsoro yake kada in ɓace a lungu ba kowa. Muka tako cikin gari, muka zauna a gindin Gidan Bawo, tsohon ginin nan da aka sassaƙa wa bawon dodon koɗi a jiki, muna kuka, mutane suna ta ɗaukar hoton bangon a saman kawunanmu.

Jiya na mayar da katin aikina.

Yanzu ga roƙona. Na zagaya da dubban mutanen da ban sani ba, amma ke kullum cewa kike a nan aka haife ki, me zan nuna miki. Ki zo in zagaya da ke, tun daga gada har hasumiyar majami'a, in ba ki labarin kowane dutse. Kin ce sai bazara idan an ba yara hutu. Kada ki jira bazara, Yaya. Ki zo cikin watan nan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Herminia