Baba Ya Koma Tuƙi

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauƙaƙa maka aikin da ya raba ka da gida, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan kowa ƙalau. Inna dai gwiwarta ce ke ɗan damunta, Auta ta yi wawulo tana ta ɓoye baki, maigidana kuma an mayar da shi aikin safe, har ya fara tumbi. Amma ba wannan ya zaunar da ni ba. Yaya, albishirinka! Shekaranjiya Baba ya ɗauki kofin shayi da hannunsa na dama, hannun nan da ya shanye, ya kai baki da kansa. Rabi ya zube a riga, amma ya sha! Inna ta yi ta kuka tana dariya, ni kuwa na rasa wanda zan rungume. Kuma ka san wa ya jawo? Ɗanka Dogo, da na'urar wasan gem ɗin nan da na yi ta yi maka ƙorafi a kanta.

Bari in faro maka daga tushe, don a waya ban gaya maka rabin abin ba, gudun kada hankalinka ya tashi. Yaron nan ya kai matsayin da sai an kai masa abinci gaban talabijin, ya huce bai taɓa ba. Idanu jajur, wuya duk ƙashi, wanka sai da faɗa. Sai ga shugaban makarantarsu ya kira ni ya ce sun daɗe ba su ga ƙeyarsa ba, kuma in bai gyara ba za su sallame shi kafin jarrabawa. Ashe zai sa kayan makaranta ya yi mana sallama, ya zarce shagon gem na bayan tasha. Da na ɓoye igiyar na'urar, ya daki ƙofar ɗakina har sakata ta fita, Auta ta shige ƙarƙashin tebur don tsoro. Wallahi ranar ban gane yaron da na goya ba.

Da dabara ta ƙare mini, sai na kinkimi talabijin da na'urar na kai ɗakin Baba, na ce in gem zai buga, ya buga a gaban kakansa, ko kunya za ta hana shi. Ka san yadda ka bar Baba: fuska ga bango, ba magana, ƙwallon robar da likitan gashin ƙashi ya ba shi ya riƙa matsawa ma ya tura ta ƙarƙashin gado. To, kunya ba ta hana Dogo komai ba. Ya kashe sauti ya zauna a tabarma yana tseren motoci. Ina goge tagar ɗakin wata ranar Asabar sai na ji murya a bayana, a karkace amma sarai, tana tambayar wane marar imani ne ya ba wannan yaron lasisi. Na juyo, Baba ne! Ya ɗago kai yana harara, wai shekarun da ya yi yana jan babbar mota bai taɓa ganin mahaukacin da ke wuce mota a kan kwana irin wannan ba. Dogo ya ce in ya iya ya karɓa mana. Baba ya ce a tayar da shi zaune.

Yaya, da ka ga tuƙin! Dogo ya ɗora masa rimot a cinya, ya kama babban yatsansa na hannun da ya shanye ya aza a kan maɓalli. Farko motar bango take ta ci, Baba na zagin sitiyarin. Da hannu ya fara sabawa kuwa, sai ya ƙi gudu. Ana tsere, shi yana bin hannunsa a hankali, yana ba kowa hanya, har yana neman inda sigina take. Kullum shi ne na ƙarshe, kuma kullum sai ya yi taƙama wai shi kaɗai ya iso da mota ba ƙwarzane. Likitan gashi da ya ga yatsun na motsi ya yi murna, amma ya ce wasan ba zai maye gurbin atisaye ba. Yanzu Dogo ne ke tsare shi, ba a kunna na'ura sai an matsa ƙwallo.

Shi ma Baba ya kafa tasa dokar. Ya ce direban da ba ya hutawa shi ke kashe mutane, don haka in ya ce a faka, an faka, a zare igiya. Ya kuma ce ba ya ɗaukar yaron motar da ke gudun makaranta. Ba zan ce maka Dogo ya warke sarai ba. Makon jiya ya sake zamewa shagon nan, Baba ya juya fuska bango ya ƙi kula shi har washegari. Yaron ya tsuguna bakin gado yana ba shi haƙuri, ya ce shi ma ba ya so, abin ne ke jan sa kamar ƙaiƙayi. Baba ya ce to ya riƙa faɗa in ya taso masa, kada ya ɓoye. Yanzu dai yana zuwa makaranta, ya zauna jarrabawa, yana cin abinci tare da mu har da neman ƙari.

Don Allah kada ka aiko da sabuwar na'urar da ka ambata, wannan ta ishe mu. Abin da nake so ka yi daban ne. Jiya ina wanke-wanke Dogo ya zo ya tsaya yana murza gefen riga, ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana fushi da shi. Na ce wannan amsar ba a bakina take ba. Ka kira shi, Yaya, shi da kansa, ba ta wayata ba, kuma kada ka fara da zancen makaranta.

Baba da Inna suna sa maka albarka. Maigidana, Gwaggo da Kawu Tela suna gaishe ka, Auta ta ce a gaya maka haƙorin ya fara leƙowa. Ka gaida abokan zamanka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Uwar Auta